Shekarar da Na Ɗauke Ku Daga Zauren Malam

Matar Auta ce ta tayar da wannan magana, ba da niyya ba. Ta turo min hotunan littattafai kashi uku a waya, tana tambaya wanne za ta saya wa 'yan biyunta, tunda ita da mijinta sun yanke shawara su koyar da su a gida kafin su isa shiga aji. Kafin in lalubo tabarau, sai ga ku kun cika zauren iyali na waya da labari. Wai Umma ce ta fara wannan harka a danginmu, wai ita ce ta ja da Malam har ta kayar da shi a gaban ɗalibansa. Na karanta, na kife wayar a kan tabarma. Ni ban kayar da mahaifina ba, kuma ba na so in mutu in bar ku kuna yawo da wannan labari a bakinku. Abin da na yi a shekarar nan na yi shi da idona a buɗe, in da za a maido ni zan sake yin mafi yawansa. Amma akwai inda na yi kuskure, akwai kuma wanda ya ɗauki nauyin kuskuren, don haka ku zauna ku ji yadda aka yi.

A lokacin muna Toranke, a gidan gonar babanku, tare da mahaifiyarsa Ya Falmata, wadda kuke kira Kaka. Kakanninsu daga Barno suka taso, sun daɗe a nan har sun zama 'yan gari, sai dai in ranta ya ɓaci ne Barbarcin yake dawowa bakinta. Na ajiye aikin koyarwa na firamare tun da na haifi Rabi, saboda makarantar da ta fi kusa da mu tana ƙetaren fadama, da damina kuwa ko babba sai ya naɗe wando. Mahaifina, Malam, yana Gaya da makarantarsa ta allo a zauren gidanmu. A gidanmu akwai al'ada: duk jikan da ya cika shekara biyar, a kai shi wurin Malam, ya zauna a ɗakin mahaifiyata Inna, ya yi karatu a zaure. Babangida ya riga ya yi shekara biyu a can. Da Rabi ta cika biyar, ni da kaina na yi mata kitso, na kai ta.

Ku da kuka san Rabi yanzu da yawan magana, to haka take tun tana ƙarama. Babanku rediyo yake ce mata. Tana hira da kaji, tana yi wa akuya faɗa, in ta rasa abokin magana sai ta yi da inuwarta. Kuma bahaguwa ce. Mun koya mata ci da sha da karɓa da bayarwa da dama, ta koya ba gardama, amma in za ta yi jifa ko zane a ƙasa, hagu ce take fitowa da kanta.

Da suka zo hutun babbar Sallah, bayan wata huɗu, yarinyar da ta sauko daga kan babur ba rediyona ba ce. Ta gaishe ni, ta nemi gefen tabarma, ta zauna a kan hannunta na hagu. Na ɗauka gajiyar hanya ce. Kwana biyu tana haka, in an yi mata tambaya sai ta tsaya a harafin farko tana ja kamar mai tura kura a yashi. A rana ta uku na miƙa mata fensir in ga abin da ta koya. Ta kalli fensirin, ta kai hannun hagu bayanta ta ɓoye, sai hawaye. Babangida ne ya faɗa min, yana wasa da ƙasa, don shi bai ɗauke shi wani abu ba.

"Ai ɗaure mata hannun ake yi da ɗankwali in za a yi rubutu. Malam ya ce da haka Kawu Tijjani ya gyaru."

Kawunku Tijjani yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun da na yi wayo na san shi da in'ina, kuma na san da dama yake rubutu, rubutu mai kyau ma. Ban taɓa sanin an haife shi bahago ba sai ranar nan. Ni ba likita ba ce, ba zan ce muku ɗaurin ne ya kama masa harshe ba. Abin da na sani shi ne na kai yarinya tana magana, an dawo min da ita tana ja irin jan yayana.

Washegari na hau mota zuwa Gaya. Ina so ku sani, Malam bai taɓa dukan Rabi ba. Amaryarsa yake ce mata, kan cinyarsa take cin dabino. Ni kuma Uwani yake ce min, saboda sunan mahaifiyarsa aka sa min, bai taɓa ɗaga min murya ba. Na same shi a kan buzunsa da hantsi, yara duk suna hutu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

"Uwani, hannun da ake tsarki da shi za ki sa ta rubuta littafin Allah?"

"Malam, haramun ne?"

Mahaifina bai taɓa ɗora wa addini abin da bai faɗa ba, ko da zai ci gardama da shi.

"Ban ce haramun ba ne. Ladabi ne. Kuma a zauren nan, tun daga kakana, da dama ake rubutawa."

"To ka bar ta ta yi ta karatu da ka, ban da rubutu, har ta ƙara girma."

"In raba ta da 'yan'uwanta, kowa da allo ita ba allo? Nan da wata uku za ta saba. Tijjani ya saba."

"Malam, Yaya Tijjani ya saba, amma ka ji yadda yake magana."

Wannan kalma ce ba ta kamata ta fito daga bakina ba, ko da gaskiya ce. Na ga fuskarsa ta canza. Ya gyara zaman carbinsa ya ce in dai zaurensa bai yi min ba ga Rabi, to bai yi min ba ga Babangida, in na ɗauki ɗaya in ɗauki duka. A nan ne ya kamata in sunkuyar da kai in roƙe shi ya bar min yaron a wurinsa, kuma na san da ya bari. Amma jininsa ne a jikina. Na ce to, Allah ya ƙara girma, na shiga ɗakin Inna na tattara kayan yara biyu. Tun daga ranar, in na je gaishe shi yana amsawa, yana tambayar gida da gona, amma Uwani ta ɓace daga bakinsa. Ke kawai yake ce min.

Na dawo Toranke da alluna biyu da kayan yara biyu da Auta a goye, ba ni da tsarin komai. Gida ya rabu kashi uku a kan abin da za a koya musu. Ya Falmata ta ce a nemo wani alaramma ya riƙa zuwa yana biya musu, yaro dai allo ne farkonsa, boko ta jira. Na ce mata alaramman ma da ɗankwalinsa zai zo. Babanku kuwa ya shiga Kano kai wake, ya dawo da kwali guda a bayan babur, cike da littattafan da ake koyar da 'ya'yan manya da su a makarantun kuɗi. Turanci ne tun daga bango har bango, takarda mai sheƙi, kowane darasi da ranarsa da mintinsa. Ya sauke shi a tsakar gida yana murmushi.

"Malama, ga makaranta nan na kawo miki a kwali. Saura ƙararrawa."

Ina ganin littattafan nan raina ya biya. Ku tuna ni malamar aji ce, kuma ina da abin da nake so in nuna wa Gaya. Na zaɓi kwalin. Na share rumfar da ake ajiye kara, na shafa wa wani katako baƙin gawayi ya zama allon bango, na rataye tsohon bakin garma a jikin darbejiya ina buga shi da ƙusa. Na rubuta jadawali na manna: ƙarfe takwas kaza, takwas da rabi kaza, har azahar. Na hana kowa yin Hausa a cikin rumfa. Ya Falmata takan zauna daga nesa tana ɓarar gyaɗa, in na buga garmar sai ta ce wa kaji su ma su shiga aji kada hedimasta ta kore su.

Sati shida muka yi a haka, kuma ban taɓa yin aikin banza irinsa ba. Littafin yana nuna musu 'ya'yan itacen da ba su taɓa gani ba, da yara sanye da rigunan sanyi suna wasa da kare a kan gado. Babangida ya haddace komai kamar aku, in na tambaye shi me yake nufi sai ya kalli sama. Rabi kuwa na ba ta izinin riƙe fensir da hannun da take so, amma na ɗaure mata baki da harshen da ba ta ji. Da can tana ja, yanzu ta daina maganar gaba ɗaya. Na ɗauke ta daga inda aka hana ta hannunta na kawo ta inda aka hana ta harshenta, kuma ina ta buga garma ina jin kaina gwana.

Abin da ya farkar da ni ƙaramin abu ne. Wata rana da la'asar na fito daga wanka, na hango ta tsugune kusa da Ya Falmata, a bayan buhun taki. Tana kallon rubutun jikin buhun tana kwaikwayonsa a ƙasa da yatsan hagu, tana yi wa wata kaza bayani da Hausa tiryan-tiryan, ba ja ko kaɗan. Wai wannan harafin mai ciki ne, wannan kuma ya ɗora tulu a ka. Na tsaya a bayan zana ban motsa ba, don kada ta gan ni ta yi shiru. Ya Falmata ta ɗago ta dube ni, ta ci gaba da ɓararta. Da na koma rumfa na yage jadawalin, na ba babanku garmarsa.

Tsarin da na zauna a kansa daga nan ba a littafi na samo shi ba, kallon yaran ne ya ba ni. Bayan asuba, kafin a kunna wuta, mu zauna mu uku in biya musu Alƙur'ani da ka, yadda Malam ya biya min, aya biyu ko uku, ba allo ba alƙalami. Bayan an karya, sai karatun boko, amma da Hausa, kuma a ƙasa. Na sa aka zubo min yashin fadama a kusurwar rumfa, a nan suke rubutu, wanda ya ɓata ya shafe da tafin hannu ba wanda ya sani. Kalmomin da suka fara rubutawa sunayen awakinmu ne. Lissafi kuwa na bar wa Ya Falmata ba tare da ta san na ba ta aiki ba: su tara mata gyaɗa goma-goma, su gaya mata gwangwani nawa ke cika kwano, su raba ƙosai tsakanin mutum biyar ba rigima. Rana na ɗagawa a tashi. Kwalin babanku na tura shi ƙarƙashin gado, na ce sai ranar da yaro ya karanta min wasiƙa da Hausa ba tuntuɓe sannan zai ga Turanci. Babanku bai ji daɗi ba, ya ce littattafai masu tsada sun zama abincin gara. Na ce masa ya ba ni damina ɗaya.

Game da hannu kuwa na kafa doka guda, kuma ban sassauta ba. Ci da sha, gaisuwa, karɓa da bayarwa, duk da dama. Rubutu da hannun da Allah ya sauƙaƙa mata. Kafin a yi girbin gero Rabi ta karanta wa babanku takardar da wani abokin cinikinsa ya aiko daga Gafasa, ya sa ta maimaita sau biyu don yana zargin hadda ta yi. Rediyo ya dawo, har muka fara neman inda ake kashe shi.

Amma Babangida bai dawo ba. Yaron nan ɗan zaure ne tun asali. Shi ke ɗaukar wa Malam buzu, ya riga ya wuce sa'anninsa, Malam yana cewa wannan in Allah ya raya shi zai haddace. Ni kuwa karatuna na macen da aka aurar da ita bayan sauka ne, zan iya biya masa, amma ba zan iya ba shi abin da zaure yake ba shi ba: ƙarar yara arba'in suna karatu tare, da wanda za ka yi tsere da shi. Yana yin duk abin da na sa shi, ba ya musu. Wata rana muna tsinke zogale, bai ko dube ni ba, ya yi tambayar da har yau take min ciwo.

"Umma, ni me na yi aka ɗauke ni?"

Na ce masa ba ka yi komai ba. Ya ce to. Bai sake tambaya ba, ni kuma ban kai shi Gaya ba, don kai shi yana nufin in je in durƙusa in ce na yi kuskure a rabin maganata, kuma a lokacin ina ganin in na janye rabi duka za ta rushe.

Bayan kaka na ga lokacin allo ya yi. Rabi ta riƙe surori da yawa a ka, ta san babbaƙu da farfaru a yashi. Na wanke allonta, na haɗa tawada, na buɗe jakar Babangida na ɗauko alƙalamin kara cikin waɗanda Malam ya fiƙe masa. A gidanmu mata ba sa fiƙe alƙalami. Tun ina yarinya miƙo min ake yi a fiƙe, ban taɓa tsayawa na kalli bakinsa ba. Na ba ta, ta karɓa da dama, ta mayar hagu, ta sa a allo. Sai ƙara, ƙiiii, tawada ta fantsama. Ta sake, alƙalamin ya kafe a jikin itacen ya tsage. Na ba ta wani. Wata huɗu muka yi a haka. Yarinyar da take zana harafi a yashi kamar ɗinki, in ta zo allo sai ka ce kaza ce ta bi ta kai. Ta cinye alƙaluman yayanta kaf, har na koma aika wa wani mai sayarwa a kasuwa, su ma haka. Ya Falmata, wadda tun maganar alaramma ba ta sake goyon bayan kowa ba, ta ɗaga allon wata rana ta juya shi.

"'Yar nan, ko dai Malam ya san abin da ya gani? Ga boko tana yi lafiya, amma wannan ya ƙi hannun."

Ba zan ɓoye muku ba, maganar ta shige ni. Na fara tunanin ko littafin ne da kansa yake ƙin hannun, ko na saɓa wa mahaifina a kan abin da ya fi ni sani. Akwai safiyar da na kwance ɗankwalina na riƙe shi a hannu, Rabi tana zaune a gabana da allo. Ta kalli ɗankwalin, ta kalle ni, sai na ga hannun hagun yana zamewa a hankali yana komawa ƙarƙashin cinyarta. Na mayar da ɗankwalina na ɗaura a kaina. Na ce mata rubuta, ko ya yi muni a haka za mu je.

Zuwa kuwa ya zama dole. A gidanmu jika ba ya wuce izu sai ya je gaban Malam ya karanta, ya rubuta, Malam ya sa masa albarka, Inna ta yi waina a raba. Rabi ta kai Sabbi. In ban kai ta ba, na yanke ta daga gidan da hannuna. In na kai ta ya ƙi sa albarka, to a gaban kowa za a ce ga abin da taurin kan Uwani ya haifa, kuma na san daga ranar babanku da Ya Falmata ba za su sake barina da karatun yara ba. Na yi mata kitso irin na ranar farko, muka kama hanya mu uku.

Mun isa da hantsi. Yaya Tijjani yana zaure, da wasu manyan ɗalibai biyu. Babangida yana shiga ya wuce kai tsaye ya zauna a tsohon wurinsa. Malam ya amsa gaisuwata, ya juya ga Rabi.

"Amarya, kin yi yaji shekara guda. Me kika kawo min?"

"Karatu na kawo maka. Kuma ba yaji na yi ba, kai ne ba ka zo biko ba."

Ɗaliban suka sunkuyar da kai suna dariya. Malam ya ce to bisimilla. Ta gyara zama ta karanta Sabbi daga farko har ƙarshe, murya a sake, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Na ga Yaya Tijjani ya ƙura mata ido. Malam ya jawo ta baya zuwa wasu surori biyu, ta kawo. Ya tambaye ta wa ya biya mata, ta ce Umma. Ya gyaɗa kai, bai dube ni ba. Sannan ya jawo wankakken allo da kurtun tawada, ya zaro alƙalami daga gafakarsa ya miƙa mata. Ta durƙusa ta karɓa da dama. Ta mayar da shi hagu. Daga zauren ina jin Inna tana daka a cikin gida.

Ta sa alƙalamin a allo, ya yi ƙarar nan da na sani, tawada ta ɗiga. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta ci gaba, harafi na biyu ya fi na farko muni. Na ɗago in ga fuskar Malam, sai na lura ba hannunta yake kallo ba. Ya sunkuyo sosai, bakin alƙalamin yake kallo.

"Tsaya. Kawo nan."

Ya karɓa, ya juya shi a gaban idonsa.

"Da wane alƙalami take rubutu a can?"

"Da na Babangida, Malam. Da suka ƙare na sayo."

"Tun yaushe?"

"Wata huɗu."

Ya ajiye alƙalamin ya dube ni, karo na farko a shekara guda ido cikin ido.

"Uwani, ke kuwa a gidan nan aka haife ki? Bakin alƙalami a karkace ake yanke shi, don ya kwanta wa mai dama. In kika ba bahago, da tsininsa zai riƙa haƙar allo. Wata huɗu kina sa yarinya noma."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba, kuma har yau ban san ko na kunya ne ko na jin sunana ba ne. Malam ya sa Babangida ya ɗauko masa kara da askarsa. Shekara hamsin yana fiƙe alƙalami, bai taɓa yanke baki ta wancan gefen ba. Na farko ya ɓata, hannunsa ya bi inda ya saba. Na biyu ya tsage. Ya yi tsaki, ya juya karan, ya yi na uku a hankali kamar ɗan koyo. Ya miƙa mata. Ta tsoma a tawada ta ja, alƙalamin ya tafi shiru. Ta cika layi uku, baƙaƙen a tsaye, kuma da yake daga dama ake farawa, hannunta yana gaba rubutun yana baya, ko ɗigo bai shafu ba. Malam ya ɗaga allon ya daɗe yana dubawa. Ya dafa kanta ya yi mata addu'a mai tsawo, ya ce a gaya wa Inna ta ɗora tanda. Sannan ya juyo gare ni.

"Kada ki je ki ce na canza magana. A zauren nan da dama ake rubutawa, har in mutu. Amma tunda a can za ta rubuta, ba za ta rubuta shi da muni ba."

Kun ji duk kayarwar da aka yi. Bai taɓa cewa na yi daidai ba, kuma Rabi ba ta sake zama a zaurensa a matsayin ɗaliba ba. A rumfar Toranke ta sauke, a hannuna. Amma duk wata, ranar kasuwa, direban da ke zuwa daga Gaya yakan miƙo mana ƙunshin takarda da alƙaluma biyar a ciki, ba wasiƙa ba saƙon baki.

Babangida kuwa na bar shi a Gaya a ranar. Wata biyu ya yi ya dawo da kansa. Waɗanda yake gaba da su sun wuce shi da nisa, an ba wani ɗaukar buzu, yaron da ya saba zama na ɗaya bai iya zama a baya ba. Ya sauke daga baya, ya yi bokonsa, yau ga shi da iyalinsa da rufin asirinsa. Amma haddar da yake so bai yi ba, kuma na ga yadda yake yin shiru in ana tilawa a gabansa. Babangida, ka yi min tambaya muna tsinke zogale na ba ka rabin amsa. Ga cikonta: ba ka yi komai ba, girman kaina ne ya ɗauke ka. Ka yafe min.

Ke kuma matar Auta, cikin kashi ukun nan ki sayi wanda ya fi sauƙi, ki ajiye shi tukuna. Ki yi sati biyu kina kallon yaran, da wane harshe suke hira da kansu, da wane hannu suke jifa, wane lokaci suke gajiya. Kuma ki tuna su biyu ne, abin da ya ceci ɗaya zai iya cutar ɗaya. In abu ya ƙi tafiya, ki duba abin da kika sa a hannun yaro kafin ki ce yaron ne.

Da Malam ya rasu, bayan addu'ar bakwai, aka buɗe gafakarsa a gaban 'ya'yansa. Rabi tana nan, lokacin ta yi aure har da goyo, ta daɗe da komawa biro. A ƙasan gafakar aka sami alƙaluma bakwai sababbi, an ɗaure su daban da jan zare. Yaya Tijjani, da furfurarsa, ya zaro ɗaya ya gwada a allon da ke kusa, ya yi ƙara ya kafe. Ya juya shi ya kalli bakin. Sai ya mayar da shi hannun hagu, ya tsoma a tawada, ya rubuta sunansa. Rubutun a karkace yake kamar na ɗan shekara biyar, amma alƙalamin bai yi ƙara ba. Ya miƙa wa Rabi shida, yana ja kamar yadda ya saba, ya ce ta yi haƙuri ta bar masa wannan.